Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Fistol Cijewa Wajen Ɗaukar Harsashi da Tofar da Kwanso

Duk shekara idan aka fita gwajin harbi, musamman tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da hazo ke lulluɓe Kaduna har mutum ba ya hango gadar Kawo sai ya zo dab da ita, sai an samu yaro ɗaya ko biyu da zai ɗaga hannu daga layi ya ce, "Oga, bindigar nan ta lalace, a canja min." Na yi shekaru ina jin wannan magana a bakin aiki. Sau da yawa ina karɓar bindigar, in sa mata wani magazin, wato gidan da ake jera harsashi a ciki, in harba har ya ƙare ba tare da ta yi ko tari ba, in miƙa masa abarsa. Sai ka ga ya tsaya yana kallonta kamar ta ci amanarsa. Bindigar da ta lalace da gaske akwai ta, amma ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma. Kafin a kai gare ta akwai magazin, akwai hannun mai harbi, akwai harsashi, akwai datti.

Wannan bayani na ma'aikacin tsaro ne da hukuma ta damƙa wa fistol: ɗan sanda, soja, jami'in kwastan, sibil difens da makamantansu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya fistol cikin makaman da aka haramta wa jama'a, lasisinta a hannun Shugaban Ƙasa yake, kuma riƙe ta ba izini laifi ne mai ɗaurin shekaru. Dokar ta kuma taƙaita wanda zai yi wa makami gyara. Saboda haka abin da zan koya maka shi ne kulawa da gano inda cuta take. Canja kayan ciki aikin amora ne, wato mai kula da makamai da gyaransu na rundunarku.

Abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido

Idan ka ja kunama, allura tana dukan hular da ke gindin harsashi, albarushi ya kama, ƙwayar ta fita ta bututu. Ƙarfin da ya tura ƙwayar gaba shi ne ke tura silaid baya, wato ƙarfen saman nan mai zamewa. Yana komawa, wata 'yar ƙugiya da ke gefensa tana riƙe da bakin gindin kwanso, sai ta zaro shi daga ɗakin harsashi. Kwanson na tafiya baya sai ya ci karo da wani ɗan ƙarfe tsayayye, matokari, wanda zai wancakalar da shi ta tagar da ke gefen dama. Daga nan babban sifirin ya dawo da silaid gaba, silaid ya kwashi harsashin da ke saman magazin, ya hau da shi kan 'yar gangarar da ke bakin bututu, ya cusa shi ɗaki, ya rufe. Zaro, tofarwa, ɗauka, rufewa. Kowace cijewa a ɗaya daga cikin waɗannan huɗun take.

Ƙaramar fistol ta fi babba tsirfa, kuma da dalili. Silaid ɗinta gajere ne kuma mara nauyi, yana zuwa ya dawo da sauri, don haka lokacin da magazin ke da shi na ɗago harsashi na gaba kaɗan ne. Sifirinta ya fi tauri. Mariƙinta ƙarami, wani lokaci ɗan ƙaramin yatsanka ma a iska yake. Kuskuren da Browning Hi-Power mai cin harsashi 13 za ta yafe maka, Walther PPK ba za ta yafe ba. Irin su PPK da Makarov bututunsu a kafe yake, nauyin silaid da ƙarfin sifirin kaɗai ke riƙe ɗakin a rufe lokacin harbi, shi ya sa hayaƙi da datti ke taruwa a cikinsu da wuri.

Mataki na farko: abubuwa biyu da ba a gaggawa a kansu

Bindiga ta cije, bakinta ya ci gaba da kallon inda ake harbi, yatsa ya fita daga kan kunama. Kada ka juyo ka nuna wa na kusa da kai. Na ga wanda ya juyo da bindiga a hannu yana cewa "duba ka gani", har bakinta ya share layi gaba ɗaya. Ranar bai ƙara harbi ba.

Idan ka ja kunama ka ji ƙyas kawai, ba ƙara, a filin gwaji jira daƙiƙa 30 bindigar na kallon gaba kafin ka buɗe. Harsashin da ya tsufa ko ya sha danshi yakan yi jinkirin kamawa, ba ka son ya tashi silaid a buɗe. Na biyun ya fi wannan muni: ka ji ƙara 'yar ƙarama, fus, shurin bindigar ya yi laushi, wataƙila kwanson ma bai fita ba. Tsaya cak. Mai yiwuwa ƙwayar ta maƙale a tsakiyar bututu. In ka ɗana ka sake harbawa a bayanta, bututun na iya kumbura ko ya fashe a hannunka. Cire magazin, ka buɗe, ka fitar da abin da ke ɗaki, ka kira mai kula da fili a duba bututun ta baya.

Yadda ake sauke bindiga kuwa tsari ɗaya ne, ba ya canjawa. Magazin ake fara cirewa, sannan a ja silaid baya sau biyu ko uku, a kafe shi a buɗe, a duba ɗakin da ido, a taɓa da yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya ja silaid kafin ya cire magazin, ya sake loda wani harsashi ne bai sani ba. Harbin kuskure a bariki yakan fito daga nan.

Mataki na biyu: kalli abin kafin ka warware shi

A bakin fama ba a tsayawa nazari. Amma a filin gwaji, daƙiƙa biyar da za ka yi kana kallon tagar kafin ka taɓa komai sun fi awa guda ta zato a bayan fage. Ga abin da za ka iya gani.

Kwanso ya maƙale a taga, ya miƙe tsaye ko a karkace kamar bututun hayaƙin gidan burodi, silaid ya danne shi. An zaro shi amma bai samu fita ba. Wannan matsalar tofarwa ce.

Kwanso na nan zaune cikin ɗaki bai motsa ba, sabon harsashi ya zo ya tokare shi ta baya, silaid ya tsaya a tsakiya ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ƙugiya ce ta kasa zaro shi. Wannan ita ce mafi cin rai.

Ɗaki babu kowa, harsashi ya dunkufar da kai ya soki gangara, ko ya ɗaga kai sama ya tokare rufin ɗaki. Matsalar ɗauka ke nan. Wani lokaci ma silaid zai rufe lafiya lau a kan ɗakin da babu komai, sai ka ja kunama ka ji ƙyas.

Na huɗu ya fi saurin ɓoyewa: harsashi ya shiga, amma silaid bai ƙarasa rufewa ba, ya rage kamar kaurin farce ko kwabo. In ka duba bayan bindigar za ka ga silaid ya ɗan zarce jikinta.

Riƙe kuma wannan a kai: a harsashi na nawa abin ya faru? Na farko, na tsakiya, ko na ƙarshe? Da wane magazin? Amsar nan rabin magani ce.

Warwarewa nan take ba wuya. Ga na ɗaya da na uku da na huɗu, doki gindin magazin da tafin hannu ya zauna daram, ka ɗan karkata bindigar zuwa dama yadda taga za ta kalli ƙasa, ka ja silaid baya har ƙarshe da ƙarfi, ka sake shi ya tafi da kansa. Ga na biyu kuwa wannan dabara ƙara cakuɗa abin take yi. Kafe silaid a baya tukuna, ka fizge magazin da ƙarfi domin zai yi gardama, ka ja silaid sau uku har kwanson ya faɗo, ka sa wani magazin, ka ɗana. In kwanson ya ƙi fita bayan haka, harbinka na ranar da wannan bindiga ya ƙare, sai an zura sanda ta bakin bututu a tunkuɗo shi a benci.

Mataki na uku: magazin

A nan zan daɗe, domin a nan ɓarawon ya fi kwana.

Samu alƙalamin fenti ko maka, ka rubuta lamba a gindin kowane magazin da kake da shi: 1, 2, 3. Abu ne na minti biyu, amma ban san dabarar da ta fi ta amfani ba. Duk lokacin da bindiga ta cije, rubuta lambar. In ka ga kullum lamba 2 ce, ka gama bincike. In kuwa duka suna yi, ka wanke magazin daga zargi, sai a matsa gaba.

Yanzu ɗauki wanda ake tuhuma, ka zazzage harsashin ciki. Dubi leɓɓansa biyu na sama, waɗanda ke riƙe harsashi. Ajiye shi gefe da gefe da wanda ka san lafiyarsa ƙalau, ka gwada. Magazin da ya faɗo ta ka a kan siminti leɓensa yakan lotsa ciki, sai ya riƙe harsashi fiye da kima, kan harsashin ya soki gangara. Wanda leɓɓansa suka buɗe saboda tsufa yakan saki harsashi da wuri, ya ɗaga kai sama, wani lokaci har ya yi tsalle ya fito da kansa. Duba ƙusurwar baya ta leɓɓan da kyau a cikin haske, nan ne tsagewa ke farawa, siririya kamar gashi. Akwai gwajin da nake yi: in cika magazin, in buga gindinsa a tafin hannu. In harsashi ya yi tsalle ya fito, magazin ɗin ya gama aiki.

Sai ɗan dakalin da harsashi ke zama a kai. Danna shi ƙasa da bayan biro ka saki. Ya kamata ya sauka sumul ya dawo da kuzari. In ka ji yana ƙarar yashi, ko ya tsaya a hanya, datti ne. In ya dawo a sanyaye kamar mai jin barci, sifirin ya gaji. Alamar gajiyayyen sifirin a fili ita ce bindiga ta yi lafiya a farko ta fara cijewa a harsashi biyu na ƙarshe, ko kuma silaid ya daina tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe. Cijewa a harsashin farko kuwa yawanci cikawa ce ta yi yawa, ko magazin bai shiga ya kama ba. Cikakken magazin yana da wuyar zama idan silaid a rufe yake. Bayan ka tura shi, ja shi ƙasa kaɗan ka tabbatar ya kama.

Yawancin magazin ana buɗe su ta gindi: a danna ɗan maɓallin da ke tsakiyar farantin ƙasa, a zame farantin gaba, babban yatsa na tare sifirin don kada ya yi tsalle ya same ka a ido. Lura da yadda sifirin yake kwance kafin ka zare shi, domin yana da sama da ƙasa, yana da gaba da baya, in ka mayar da shi a juye ka haifar da sabuwar cuta. Abin da ke fitowa daga cikin magazin ɗin da ya shekara a ƙugu ba a buɗe ba yana da ban mamaki. Na taɓa zazzage wani a kan farar takarda: jar ƙasa mai laushi kamar garin ɗanwake, zaren aljihu, da ɓawon gyaɗa guda. Mai shi ya rantse bai san yadda aka yi ba. Zura busasshen tsumma ta ciki ka ja shi sau da yawa, ka goge sifirin da dakalin. Kada ka zuba mai a cikin magazin. Mai da ƙurar hunturu in suka haɗu taɓo suke zama, kuma mai yana iya ratsa hular harsashi ya kashe ta.

Magazin da leɓensa ya lanƙwashe ba a miƙe shi da filaya. Zai yi maka aiki kwana biyu ya ci amanarka ranar da ka fi bukatarsa. Mayar da shi ma'ajiya a rubuta, a ba ka wani.

Mataki na huɗu: hannunka

Wannan ne ba a son ji. Silaid yana bukatar jikin bindiga ya tsaya daram kafin ya samu abin da zai yi gudu a kansa. In wuyan hannunka ya yi sako-sako, bindigar gaba ɗaya ce ke tafiya baya tare da silaid, ƙarfin ya salwanta, silaid bai kai ƙarshe ba, kwanso ya maƙale a taga. Gwajin mai sauƙi ne: miƙa wa wanda ya fi ka gogewa bindigar da magazin ɗin da harsashin, iri ɗaya. In ta yi masa lafiya, to ka san inda za ka gyara.

Kama mariƙin can sama, tsakanin babban yatsa da manuni ya cika lungun baya ba tare da rata ba. Hannu na biyu ya rufe sauran wurin da ya rage, ya matse. Wuyan hannu a kafe, kamar za ka tura ƙofar da ta cije. Sannan kula da manyan yatsunka. A ƙaramar bindiga wuri ya yi kaɗan, babban yatsa yakan goga jikin silaid ya rage masa gudu, ko ya ture maƙallin silaid sama ya kafe shi a buɗe alhali akwai harsashi, ko ya danne shi ƙasa ya hana shi kafewa bayan na ƙarshe. Masu manyan hannu sukan danna maɓallin sakin magazin ba su sani ba, magazin ya ɗan zame ƙasa, silaid ya wuce ta saman harsashi.

Wani hali kuma shi ne raka silaid. Mutum ya ja shi baya, maimakon ya sake shi sai ya biyo shi a hankali kamar mai rufe ƙofar ɗakin jariri. An ƙera shi ne ya rufe da ƙarfin sifirinsa. Ja, saki.

Mataki na biyar: harsashi

Karanta abin da aka rubuta a jikin silaid ko bututu, ka karanta na gindin kwanso. "Tara" ba ɗaya ba ce. Akwai 9x19, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, shi ne na Hi-Power da Glock 17. Akwai 9x18 na Makarov, bindigar da Tarayyar Sobiyat ta ɗauka a 1951, ƙwayarsa ta ɗan fi sauran kauri. Akwai 9x17, wanda Amurkawa ke kira .380, na ƙananan bindigogi irin wasu PPK. A ido kusan ɗaya suke, bambancin tsawon kwansonsu milimita ɗaya-ɗaya ne. Wani zai shiga ɗakin da ba nasa ba har ya tashi, amma ba zai zaru daidai ba, kuma kwanson na iya tsagewa. Kada ka gauraya, kada kuma ka karɓi harsashi daga aljihun aboki don ya ce "ai duk nain milimita ne".

Zuba harsashinka a kan tsumma ka duba ɗaya bayan ɗaya. Mai kore-kore ko baƙin tabo a jiki ya sha danshin damina. Mai lotsawa a gefe ba zai shiga ɗaki sumul ba. Wanda ya fi muhimmanci shi ne na saman magazin, wanda kake ɗanawa da safe ka cire da yamma kullum. Duk shigar da ya yi yana dukan gangara, a hankali ƙwayar tana nutsewa cikin kwanso. Jera shi da sabo a kan tebur. In ya fi guntu, ware shi ka mayar, domin bayan cijewa, harsashin da ya nutse yana tashi da matsi fiye da ƙa'ida.

Idan ka kwance bindiga ka ciro bututu a hannu, a irin waɗanda bututunsu ke fita, riƙe shi bakinsa na kallon ƙasa ka saki harsashi cikin ɗakin. Ya kamata ya faɗa da nauyinsa, ka juya ya faɗo da kansa. In sai ka tura, ko dai ɗakin ya yi datti ko harsashin ya kumbura. Wannan gwaji da bututu tsirara kaɗai ake yin sa. Duk gwajin da ya shafi haɗaɗɗiyar bindiga a cikin gida, da harsashin horo mara albarushi ake yi.

Mataki na shida: wanki da mai

Yanayin Kaduna fuska biyu gare shi, kowace da tata ɓarnar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce mai shiga ko'ina, har cikin kube. Daga Mayu zuwa Oktoba danshi ne da gumi, tsatsa ta kama gefen da ke manne da jiki. Mai aikin shingen hanyar Zariya ko ta Birnin Gwari, inda tirela ke tayar da ƙura yini guda, bindigarsa tana bukatar shara ko bai harba ko ɗaya ba.

Sauke bindigar kamar yadda na faɗa, ka fitar da harsashi daga ɗakin da kake aiki gaba ɗaya. Kwance ta iya yadda aka koya maka: silaid, bututu, sifirin, jiki. Wuri huɗu ne suka shafi maganarmu. Ɗakin harsashi, a goge shi da buroshin bututu da ruwan wankin bindiga har ya yi ƙyalli, domin kunkunniyar da ta daskare a nan ita ke riƙe kwanso. Gangara, a share ta da tsumma. Fuskar silaid ta ciki inda gindin harsashi ke jingina. Sai ƙarƙashin ƙugiya, wurin da kusan kowa ke mantawa. Samu tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace, ka sakace ƙarƙashin haƙorin ƙugiyar. Za ka ga baƙin abu haɗe da ɓurɓushin tagulla yana fitowa. Wannan ɗan dattin ya isa ya hana ƙugiya cizon kwanso.

Mai kuwa ɗigo ake sawa, ba wanka ba. Ɗigo a kowane layin da silaid ke gudu a kai, shafa kaɗan a bayan bututu inda ka ga ƙarfe ya goge ya yi haske, shi ke nan. Lokacin hunturu rage, ka goge har ya zama sheƙi kawai. Ramin allura a bushe ake barinsa. Mai ko giris a ciki yana rage wa allura ƙarfi, a Makarov kuma, da allurarta ba ta da sifirin mayarwa, datti na iya kafe ta a waje, wanda hatsari ne babba. Baƙin man mota da ya ƙone, man gyaɗa, man shafawa, duk na gani an sa. Man gyaɗa yakan daskare ya zama danƙo cikin makonni. Yi amfani da wanda ma'ajiya ta bayar. Busasshiyar bindiga ƙaƙas ma tana cijewa, musamman a rufewa, saboda haka kada tsoron ƙura ya sa ka hana ta gaba ɗaya.

Wajen mayarwa kula da babban sifirin. A Makarov da PPK gefe ɗaya ya fi matsewa, shi ne ke fara shiga jikin bututu. In ka juya shi bindigar za ta haɗu, amma ba za ta yi gudu daidai ba.

Mataki na bakwai: abin da kwanso ke faɗa

Ka canja magazin, ka gyara riƙo, harsashi mai kyau ne, bindiga a wanke, amma har yanzu tana yi. Sai yanzu muka iso kan ƙarfen kansa. Kafin ka je wurin amora, tsinci kwansonka biyar ko shida, ka kuma sa wani ya tsaya bayanka ya lura da inda suke faɗawa.

Lafiyayyar bindiga tana jefa kwanso dama, kusan wuri ɗaya. In suna zubowa a gindin ƙafarka ba kuzari, silaid ba ya samun isasshen gudu. In suna tashi can nesa fiye da yadda ka saba, shurin ya ƙaru, kuma silaid na yawan kasa rufewa, babban sifirin ya gaji. Ajiye shi kusa da sabo za ka ga ya gajarce. Sifirin ƙaramar bindiga ya fi na babba saurin mutuwa. In kuwa kwanso na tafiya ko'ina, wannan dama, wancan sama, wani a goshinka, ƙugiya ko matokari ake zargi.

Juya kwanson a hannu. Bakin gindinsa ya yage ko ya ɓantare a gefe guda? Ƙugiya ta ja da ƙarfi amma ɗaki ya riƙe, wato ɗakin ya yi datti ko tsatsa ta ci shi. Jikinsa ya yi ƙaiƙayi-ƙaiƙayi kamar an goga masa samfefa? Tsatsa ta huda bangon ɗakin. Kwanson da ya zauna a ɗaki kuma gindinsa babu ko ƙwarzane, ƙugiya ba ta kama shi ba sam. Kumburi kusa da gindi ko tsagewa a jiki kuwa, daina harbi nan take.

Akwai gwajin ƙugiya da za ka iya yi da silaid a cire. Zura kwanso mara komai ta ƙasa ya shiga ƙarƙashin haƙorinta, ka ɗan girgiza silaid ɗin a hankali. Ƙugiya mai rai za ta riƙe shi, in ya faɗo da girgiza ɗaya ta saki. Dubi haƙorin da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya: ya kamata ya kasance da kaifin baki, ba a ɓantare ko a dulmuye ba. Dubi matokari ma, ko ya karye a baki ko yana girgiɗi.

Iyakarka ke nan. Kada ka ɗauki magagari ko samfefa ka ce za ka gyara gangara. Abin da aka kankare daga ƙarfe ba ya dawowa, kuma in aka ci gangara da yawa gindin kwanso ya rasa abin jingina. Kada ka miƙe sifirin da hannu don ya ƙara tsawo, ko ka yanke shi. Kada kuma ka kai wa maƙeri ko mai walda, komai ƙwarewarsa. Masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna suna iya ƙera abin da zai ba ka mamaki, amma ƙugiyar bindiga ƙarfe ne da aka gasa zuwa wani tauri na musamman, kuma makamin gwamnati ba ya zuwa kasuwa.

Je wurin amora da bindigar a sauke, silaid a buɗe, da magazin ɗinka masu lamba, da kwanson da ka tsinta a cikin leda, da 'yar takardar da ka rubuta. Bambancin "Oga, tana cijewa" da "Oga, kwanso ke zama a ɗaki, sau huɗu cikin harbi talatin, da duka magazin biyu, bayan na wanke ta, ga kwanson" shi ne bambancin mako uku da rabin awa. Idan ya canja wani abu, roƙe shi a canja ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, don a san wanda ya yi maganin. Bayan gyara kuma nemi izini ka koma fili ka harba kowane magazin cikakke daga na farko har na ƙarshe, da irin harsashin da za ka ɗauka a bakin aiki, da hannu biyu sannan da hannu ɗaya, kafin ka mayar da ita kube.